Laftof Ɗin da Ya Daina Buɗe Manhajoji Bayan An Cire Masa Bairos

Da Malamar ta ajiye laftof ɗin a kan teburina, abin da ta fara cewa shi ne, "Injiniya, bairos ya cinye min komai. Don Allah ko takarduna ne kawai ka ceto min." Malamar makaranta ce, tana tsakiyar rubuta kundin digirinta na biyu, saura mako biyu ta miƙa babi na huɗu. Windows 7 ne a kan laftof ɗin, a lokacin shi ke tashe. Yana kunnuwa lafiya, yana shiga har ciki, maus da kibod duk suna aiki. Amma duk manhajar da ka danna, ko burauza ce ko kalkuleta, sai Notepad, 'yar manhajar rubutu ta Windows, ya buɗe cike da haruffa birkitattu marasa kai bare gindi.

Na danna kalkuleta, na tsaya ina duba layin farko na shirmen da ya fito. Haruffa biyu ne a gaba: MZ. Can gaba kaɗan, a tsakiyar tarkacen, ga jimlar nan ta Turanci da ke cewa wannan manhaja ba ta aiki a DOS, tsohon tsarin Microsoft na kafin Windows. Duk fayil ɗin exe na Windows, wato fayil ɗin manhaja, da haka yake farawa, kuma MZ ɗin haruffan farko ne na sunan Mark Zbikowski, ɗaya daga cikin injiniyoyin Microsoft na zamanin DOS. Ganin wannan sai hankalina ya ɗan kwanta. Manhajojin na nan daram. Windows ne ya daina kunna su, ya koma karanta su kamar wasiƙa. Na ce mata, "Malama, ba a cinye komai ba. Amma duk wanda ya ga wannan rubutun kada ya kuskura ya adana shi, a rufe kawai." Ta ce ita dai ba ta taɓa adanawa ba. Ban tambaye ta ko wani ya taɓa ba, kuma da na sani na tambaya.

Na sa ta ba ni labarin tun daga tushe. Da na saurara, ashe abu uku ne suka faru ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta haɗa su ta kira su bairos.

Kwana biyar kafin zuwanta, tana neman wani bidiyo a intanet, shafin ya ce sai ta sauke wata 'yar manhaja kafin ya nuna. Ta sauke. Ba a jima ba wata taga ta faɗo mai kama da ta tsaron Windows, har da tambarin garkuwa, tana kiran kanta Win 7 Security 2012. Ta yi kamar tana bincike, ta jero sunayen cututtuka rututu da jan rubutu, ta ce sai an saka lambar katin banki kafin a goge su. Daga nan duk abin da Malamar ta buɗe, wannan taga ce ke fara tarar ta. Masu gyara sun san wannan dangi, Microsoft na kiransa FakeRean. Kura ce da fatar akuya, kuma tana sauya suna daidai da gidan da ta shiga: a kan XP ta ce ita ta XP ce, a kan Vista ta ce ta Vista ce. Cututtukan da take lissafawa duk ƙarya ne, ita kanta ce cutar.

Abu na biyu, ƙaninta ya zo da anti-bairos na gaske a filash, ya yi bincike, aka kama fayil ɗin aka goge. Gargaɗin ƙarya ya ɗauke cak. Sai dai daga wannan lokacin ko manhaja ɗaya ba ta sake buɗewa ba. Kana dannawa sai Windows ya fito da tagar da ke tambayar da wace manhaja kake so a buɗe wannan fayil. Abu na uku kuma, yaron ya gaji da tambayar, ya zaɓi Notepad daga jerin, ya bar alamar nan ta "a riƙa amfani da wannan kullum" a kunne. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Malamar ta fi jin haushin mataki na biyu, a ganinta anti-bairos ɗin ƙaninta ne ya lalata mata na'ura. Na ce mata a'a, wannan ya yi aikinsa, bai dai ƙarasa ba.

Ga abin da ke faruwa idan ka danna fayil sau biyu. Windows ba ya kallon cikin fayil ɗin tukuna, wutsiyar sunansa yake dubawa, sannan ya je rajista, wato babban kundin da yake ajiye saitunansa, ya tambayi abin da ake yi da mai irin wannan wutsiya. Mai docx a miƙa wa Word, mai pdf a miƙa wa manhajar karatu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, exe ma ta wannan layi yake bi. A rajista an rubuta cewa .exe ɗan ajin exefile ne, umarnin buɗe exefile kuwa ɗan guntun rubutu ne:

"%1" %*

Ma'anarsa, kunna fayil ɗin da aka danna shi kansa, ka miƙa masa duk wani bayani da ya biyo baya. Bairos ɗin sai ya cusa sunansa a gaban wannan rubutu. Ka danna burauza, shi za a fara kira, shi zai ga dama ya buɗe maka ko ya tare ka da gargaɗi. Ya mai da kansa mai gadin ƙofa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tsutsar SirCam da ta yaɗu ta imel a 2001 ma haka ta yi. To idan anti-bairos ya goge fayil ɗin mai gadin bai gyara rajista ba, sai Windows ya ci gaba da aika kowa wurin wanda ba ya nan. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Kafin in taɓa komai na kashe wayales ɗin laftof ɗin. Na tayar da shi daga filash mai ɗauke da Linux, wani tsari daban da Windows, na kwashe foldar kundin nata, da hotuna, da fayilolin alƙaluman bincikenta zuwa wani faifai na daban. Takardu kawai na ɗauka, ban ɗauki exe ko ɗaya ba. Sannan na sake tayar da shi da Windows Defender Offline, wanda ke bincike alhali Windows ɗin na kwance, don bairos da ke ɓuya ba ya iya ɓuya idan ba a kunna shi ba. Ya tsinto 'yar manhajar bidiyon a foldar abubuwan da aka sauke, da wani kwafi a foldar Temp. Ban da su babu komai. Wannan matakin ya ci sama da awa ɗaya, kuma ba na tsallake shi, domin gyara rajista alhali cutar na raye wahalar banza ce: kana gogewa tana mayarwa.

Da na koma cikin Windows na yi wani ɗan gwaji da nake so. Na danna babi na uku na kundin nata, sai ga Word ya buɗe tsaf. Ta miƙe tsaye. "Ikon Allah! Ai kwana huɗu ina danna tambarin Word yana ƙi." Dalili shi ne, takardar docx tana da nata umarnin da ke kiran Word kai tsaye, ba ta bi ta ƙofar exefile. Da ta san haka da ba ta yi asarar kwana huɗu na rubutu ba. Gwajin ya tabbatar min cewa manhajojin lafiyarsu ƙalau, hanyar zuwa gare su ce aka karkatar.

Yanzu sai matsalar da kowane mai gyara ke cin karo da ita a nan: kayan gyaran su ma exe ne. Regedit, mai gyara rajista, exe ne; cmd, allon rubuta umarni, shi ma exe ne. Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki, wanda ke buɗewa da Ctrl da Shift da Esc ba tare da bin waccan ƙofa ba, shi kuma an kulle shi, yana cewa wai mai kula da kwamfuta ya hana. A zamanin XP mukan kwafi regedit.exe mu sauya masa wutsiya zuwa com, tunda com ajinsa daban. Ni dai na bi hanya mafi sauƙi: na sake kunnawa ina bubbuga F8, na zaɓi Safe Mode mai baƙin allon umarni, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai. A nan Windows da kansa ke buɗe cmd, shi kuma cmd idan ka rubuta masa sunan manhaja kai tsaye yake kunna ta.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa nake rubuta wannan lamari. Na rubuta umarni biyun da kowane mai gyara ya haddace, na farko mai nuna ajin .exe, na biyu mai nuna umarnin buɗe ajin:

assoc .exe
ftype exefile

Na farko ya amsa da .exe=exefile. Na biyu ya nuna "%1" %* cif, ba ƙari ba ragi. Wato dukansu sun ce lafiya lau. Maimakon in tsaya in tambayi kaina yadda za a yi rajista ta zama daidai alhali na'ura na buɗe kalkuleta a Notepad, sai na sake rubuta musu ƙimar da suke da ita, na kunna laftof ɗin. Notepad. Na koma na saki sfc /scannow, umarnin da ke duba fayilolin Windows, na zauna ina kallon lambobi na hawa har ɗari bisa ɗari, ya ce bai ga fayil ɗin tsarin da ya lalace ba. Na leƙa System Restore, mai mayar da na'ura yadda take a baya, babu wurin komawa ko ɗaya, a kashe yake tun ba yau ba. Wajen minti 40 suka tafi a haka. Har na fara jin muryar nan da ke raɗa wa mai gyara cewa ka yi fomatin kawai ka huta.

A kunnawa ta gaba ne idona ya sauka kan abin da na yi ta wucewa. Akawun biyu ne a allon shiga, nata da wani mai hoton fure.

"Malama, wannan na waye?"

"Na 'yata ne, wasanni take yi a ciki. Ba shi da fasawod."

Na shiga. Na danna kalkuleta, ta buɗe. Na danna Paint, ya buɗe. Task Manager ma ya buɗe. Na'ura ɗaya, faifai ɗaya, manhajoji ɗaya, amma a ɗakin yarinyar komai na aiki. Ashe ba a inda nake haƙa gizo ke saƙar ba.

Reshen rajista da ake kira HKEY_CLASSES_ROOT, inda littattafai ke cewa a duba, ba wuri ɗaya ba ne. Haɗin gambiza ne na wurare biyu: HKEY_LOCAL_MACHINE\Software\Classes, wanda ya shafi na'urar baki ɗaya, da HKEY_CURRENT_USER\Software\Classes, wanda ya shafi mai akawun ɗin da ya shiga kaɗai, kuma ana ajiye shi a wani fayil mai suna UsrClass.dat a cikin foldarsa. Idan biyun suka saɓa, maganar mai akawun ce ke ci. Su kuwa assoc da ftype na na'ura kawai suke karantawa, can kuma suke rubutawa. Ba ƙarya suka yi min ba, abin da na tambaye su suka amsa. Masu rubuta bairos sun fi son reshen mai akawun saboda rubutu a cikinsa ba ya buƙatar izinin admin, wato mai cikakken iko a kan na'urar. Na san duk wannan a karatu, amma ranar hannuna ya riga kaina.

Na koma Safe Mode da akawun ɗinta, na buɗe regedit, na fara fitar da kwafin duk maɓallin da zan taɓa zuwa fayil ɗin reg. Na fara da ɓarnar ƙaninta, tunda ita ce a sama:

HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\FileExts\.exe

A ƙarƙashinsa ga UserChoice yana nuni da notepad.exe. Nan Windows ke rubuta zaɓin da mutum ya yi da hannunsa, kuma yana fifita shi a kan komai. Na goge shi. Da gangan na sake kunna na'urar kafin in ci gaba, don in ga abin da ke ƙasa. Notepad ya tafi, tagar tambaya ta dawo. Malamar ta ce, "To ai mun koma gidan jiya." Na ce mata madalla da hakan, mun koma ranar da ƙaninki ya gama bincike, saura mu koma ranar da ba a shiga ba.

A HKEY_CURRENT_USER\Software\Classes na tarar da maɓallai biyu da ba su da hurumin zama a wurin, .exe da exefile. A lafiyayyen Windows ba ka samun su a reshen mai akawun. Na buɗe exefile, na gangara shell, open, command, sai ga sawun ɓarawon a fili: hanyar wani fayil a foldar AppData\Local ta Malamar, sunansa haruffa uku da aka zaɓo barkatai, sai -a, sannan "%1" %* a bayansa kamar bara. Na leƙa foldar, fayil ɗin ba ya nan. Tsofaffin 'yan wannan dangi kan kira fayil ɗin av.exe, su ƙirƙiri wani aji mai suna secfile su jingina .exe da shi, don haka na duba ko akwai secfile. Babu. Na goge maɓallan biyu.

Wanda zai bi wannan hanya ya lura da kyau da inda yake tsaye. Waɗannan sunaye biyu suna nan a HKEY_LOCAL_MACHINE, kuma su ne na gaskiya. Wanda ya goge su ya jawo wa duk akawun ɗin da ke na'urar irin ciwon da yake ƙoƙarin warkarwa, garin gyaran gira ya rasa ido. Shi ya sa ba na goge komai ta HKEY_CLASSES_ROOT, inda ba ka iya bambance na wane ne kake kallo.

Na kunna. Kalkuleta ta buɗe a matsayin kalkuleta. Malamar ta yi hamdala ta fara naɗe cajarta, na ce ta dakata.

Na ɗauki haruffa ukun nan na bincika rajista gaba ɗaya da su. Sun sake fitowa sau biyu, a ƙarƙashin Clients\StartMenuInternet, inda aka cusa su a gaban umarnin buɗe Internet Explorer da na Firefox. Waɗannan a reshen na'ura suke, abin da ya nuna bairos ɗin ya samu ikon admin. Dalilin bai yi nisa ba: akawun ɗinta na admin ne, kuma wani ya kashe UAC, tagar nan da ke neman izini kafin a yi babban sauyi, wai tana damun mutane. Na mayar da umarnin biyu yadda suke. Na goge DisableTaskMgr a ƙarƙashin Policies\System. Na duba Image File Execution Options, inda ake iya rataya wa kowace manhaja ƙimar Debugger don a karkatar da ita, ban ga komai ba. Fayil ɗin hosts da saitin furoksi na burauza, wurare biyu da ake iya karkatar da hanyar intanet, duk tsaf suke, babu abin da aka saka. Security Center an kashe shi, na tayar. Garun wuta na Windows da hidimar BFE da yake dogara da ita suna nan suna aiki, wannan kuwa ya faranta min rai, domin a shekarun nan irin wannan anti-bairos na bogi yakan zo da rakiyar ZeroAccess, mai shigewa can ƙarƙashin tsarin ya tumɓuke waɗannan hidimomi. Na bi da TDSSKiller na Kaspersky da cikakken binciken Malwarebytes. Na farko bai ga komai ba, na biyu ya tsinci 'yan ɓurɓushi a rajista.

Da ɗayansu ya nuna min irin wancan mai ɓuya a ƙasa, ko mai shiga cikin fayilolin exe su kansu kamar Sality ko Virut, da ban tsaya jayayya ba, fomatin zan yi, tunda takardunta na hannuna. Na'urar da aka yi wa irin wannan shiga ba a sake amince mata. Amma a nan fayil ɗaya ne ya shiga, an san ƙofar da ya bi, an ga abin da ya taɓa. Yin fomatin a kan layi biyar ko shida na rajista, ga mace mai mako biyu a gabanta da manhajojin da sai an nemo lasisinsu, a ganina lalaci ne da ake sa wa rigar taka-tsantsan. Tsarin nan na reshe biyu bai sauya ba har Windows 10 da 11. Abin da ya bambanta shi ne hanyar shiga Safe Mode, yanzu sai ka riƙe Shift ka danna Restart, kuma tun daga Windows 8 an ƙara wa UserChoice wata lambar tantancewa da ke wahalar da manhajar da ke son sauya shi a ɓoye.

Na tambaye ta ko ta saka lambar katin. Ta ce ta ɗauko jaka ma, sai ta ga katin ba ya ciki, kafin ta nemo shi ƙaninta ya iso. Duk da haka na sa ta sauya fasawod ɗin imel da na banki daga wayarta, a gabana. Na kunna UAC da System Restore, na sabunta Windows da Java da Flash, na buɗe mata akawun na admin daban, nata na kullum na mayar da shi na talaka irin na 'yarta.

Daga ƙarshe na ce ta zauna ta buɗe duk manhajar da take aiki da ita, ɗaya bayan ɗaya. Word, Excel, burauza, mai karanta pdf, duk suka tashi. Sai ta danna manhajar lissafin alƙaluma da babi na huɗu ya dogara a kanta. Windows ya ce wannan fayil ba ingantacciyar manhaja ba ce. Na shiga foldarta na jera fayilolin bisa kwanan wata. Dukansu na ɗauke da ranar da aka girka su, in ban da babban exe ɗin, wanda aka sauya kwana uku da suka wuce da ƙarfe 11 da 'yan mintuna na dare. Ta kira ƙanin nata ta sa a sifika.

"Yaya, ni fa ban goge komai ba. Da zan rufe ne ya tambaye ni ko in adana, na ce e."

Notepad ba ya tambaya sai an taɓa rubutun, ko da harafi ɗaya ne hannu ya dangwala. Idan kuma ya adana exe, yakan mai da baitocin sifili da ke cikinsa tazarar rubutu, fayil ɗin ya tashi daga aiki har abada, babu gyaran rajistar da zai dawo da shi. Fayilolin alƙaluman nata dai ba abin da ya same su. Washegari ta zo da faifan manhajar da lambar lasisinta, na cire tsohuwar na sake girkawa, ta buɗe teburin babi na huɗu ta ci gaba daga layin da ta tsaya.